Gwanjon Daren Lahadi

A hunturun 1999 na kama hayar ɗaki a saman wani gidan katako a birnin Pittsburgh na Amurka, inda na je karatu. Mai gidan dattijon Bature ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar narka ƙarfe. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a wata jiha. Baba nake ce masa. Da fari ya yi ta yi wa sunan dariya, daga baya kuwa idan na yi suɓutar baki na kira shi da sunansa na yanka sai ya tsuke fuska. Duk abin da Baba yake ji da shi a duniya bai wuce kwalayen takalma goma sha ɗaya ba, jere a ƙarƙashin gadonsa, kowanne maƙare da katunan 'yan wasan besbol.

Wanda bai zauna a can ba zai yi wuya ya gane wannan cuta. Katin ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, gabansa hoton ɗan wasa, bayansa lissafin bajintarsa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba ke cusa irinsa cikin kwalin sigari, daga baya kamfanin Topps ya riƙa haɗa shi da cingam yana sayar wa yara ƙunshi a kan senti biyar. Yara suka yi caca da su, suka maƙala su a sifokin keke don su ji ƙara, iyaye mata kuma suka tattara sauran suka watsa a shara ranar da yaro ya bar gida. Ɗan abin da ya tsira shi ne yau masu furfura ke bi da kuɗi, kowa na neman ya fanso yarintarsa.

Gwanin Baba shi ne Roberto Clemente, baƙar fata ɗan tsibirin Puerto Rico, wanda ya yi shekara 18 yana buga wa ƙungiyar Pirates ta garin. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 1972, lokacin da jirgin da ya ɗauko kayan agaji zai kai wa mutanen Nicaragua da girgizar ƙasa ta shafa ya faɗa teku. Burin Baba ya haɗa katinsa na kowace shekara, daga 1955 zuwa 1973. Saura masa huɗu. Ni kuma ina da kwamfuta.

Haka na shiga harkar, ba don na san ko da dokar wasan ba. A lokacin eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, shekararsa huɗu kacal, kuma kusan komai a cikinsa gwanjo ne. Ai da sunan gwanjo ma Pierre Omidyar ya buɗe shi a 1995. Mu a wajenmu kalmar gwanjo tana da warin asara: kayan wanda bashi ya ci, motocin gwamnati da suka gaji, tufafin da wani ya sa ya cire. A can kuwa na tarar gwanjo shi ne dandalin da kaya ke nuna ko shi wane ne. Mai kati zai sa shi a kan abin da bai kai dala ɗaya ba, ya ba shi kwana bakwai, ya koma gefe ya naɗe hannu. Kai mai saye za ka gaya wa na'ura iyakar abin da za ka iya biya, a asirce, ita kuma ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk sanda wani ya ɗaga. Wanda ya ci ba iyakarsa yake biya ba, abin da ya ɗara iyakar na biyu da kaɗan yake biya.

A takarda, tsarin ya ce ka faɗi iyakarka tun ranar farko ka je ka kwanta. Ba wanda ke yin haka sai baƙo. Idan ka nuna sha'awa da wuri ka tsokano wani, shi ma ya tsokano ka, kafin Lahadi kun hau dokin zuciya ku biyu. Gwanaye laɓewa suke yi sai saura daƙiƙa goma su saki tayinsu, irin na maharbin da ya ɓuya a duhuwa, kuma da sunan maharbin ma suke kiran dabarar. Masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun rubuta a 2002 cewa wannan ɗabi'a 'yar tsarin eBay ce, inda agogo na cika ake rufewa. A gwanjon Amazon na wancan zamani, inda ake ƙara minti goma duk sanda wani ya taya a ƙurarren lokaci, ba a cika yin ta ba. Baba bai san da wannan bincike ba, kuma bai buƙace shi ba.

Ina tuna daren Lahadin da muka yi wa katin 1958 kwanton ɓauna. Masu sayarwa sun fi son gwanjonsu ya ƙare daren Lahadi, lokacin da kowa yana gida. Intanet ɗinmu ta layin tarho ce, mai kukan nan kamar ana yanka ƙarfe, don haka Baba ya gargaɗi 'yarsa tun da rana kada ta kuskura ta bugo waya. Ya sauko da agogon bango daga kicin ya jingina shi da kwamfuta, bayan mun daidaita shi da na eBay. Ya ja kujera ya zauna a bayana, numfashinsa na taba yana dukan ƙeyata. Katin yana dala 46. Muka yi shawara, ya ce in rubuta 81, don yawancin mutane a kan 80 suke tsayawa. Na rubuta, na ɗora yatsa ina jira.

"Yanzu, Baba?"

"Tukuna, yaro. Tukuna. Yanzu!"

Na danna. Shafin ya ɗauki lokacinsa yana buɗewa daga sama zuwa ƙasa, layi-layi. Da ya gama sai ga shi an sayar a kan dala 82, ga wani da bai taɓa leƙowa ba duk tsawon makon. Baba ya yi ashar, ya tashi ya zaga ɗakin, sannan ya fashe da dariya har da tari. Ya ce ko waye wannan, ɗan gari ne. Ya ɗauko fensir da 'yar takarda ya yi rubutu. Ashe al'adarsa ce: kowane kati a kwalayen nan yana da 'yar takarda a bayansa, ɗauke da kwanan wata, da kuɗin, da inda aka samo shi, da wanda aka kayar kafin a same shi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne irin juyin da gwanjon nan yake yi wa kasuwar. Kafin intanet, farashin kati a littafi yake. James Beckett ya fara fitar da littafin farashi a 1979, mujallarsa ta wata-wata ta biyo baya a 1984, kuma duk mai shago da ita yake rantsuwa. In za ka saya ya buɗe maka shafi, in za ka sayar ya ba ka rabi ko ƙasa da haka ya ce ai shi ma sai ya ci abinci. Ba ka da wani shaida. Gwanjon eBay ne ya zama shaidan da ba ya jin kunyar kowa. Ya tona asirin katunan ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, waɗanda kamfanoni suka buga ba ƙaƙƙautawa, mutane suka saya kwali-kwali suka adana wai jarin karatun 'ya'ya. Dambu ya yi yawa, bai ji mai ba. Aka sa su a gwanjo, ko kallo ba su samu ba. Tsofaffin katunan kirki kuwa, waɗanda mai shagon ƙauye zai ce ba mai nema, sai ga mutum goma daga jihohi goma suna kokawa a kansu.

A watan Yulin 2000 aka kai ƙololuwa. Katin Honus Wagner, shi ma ɗan wasan Pirates ne, na jerin da kamfanin American Tobacco ya fitar tsakanin 1909 da 1911, aka sayar da shi a eBay a kan dala miliyan 1.265. Shi ne katin da shahararren ɗan wasan ƙanƙara Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a gidan gwanjon Sotheby's a 1991. Baba ya yanke labarin daga jarida ya liƙa a jikin firij. Watanni kaɗan bayan haka, kafin shekarar ta fita, eBay ya fito da wani ɗan maɓalli mai cewa ka saya yanzu, ba jira, ba kokawa. Ba wanda ya yanke wannan labarin ya liƙa a firij, alhali shi ne ya sauya kasuwar.

Baba ya tsani maɓallin. Ya ce wannan ai kanti ne, in kanti yake so ga shi nan a bakin titi. Amma duniya ba ta tambaye shi ba. A 2008 eBay ya rage kuɗin da yake karɓa kan kayan da aka yanke wa farashi, ya kuma bar su su daɗe a baje. Wayar hannu ta zo, mutane suka saba da danna abu yau a kawo gobe. Wasu masana daga Jami'ar Stanford, Liran Einav da Jonathan Levin da abokan aikinsu, sun bi diddigin cinikin eBay na shekaru, suka ga gwanjo ya tashi daga kusan dukan kasuwar ya koma ɗan tsagi. Babban dalilin da suka gano ba wai kayan ne suka sauya ba, masu saye ne suka gaji da jira. Kaya iri ɗaya, a gwanjo ya fi saurin fita amma a ƙasa da abin da yake samu in an yanke masa farashi, kuma tazarar sai ƙaruwa take yi. Wato abin da muke yi da Baba don nishaɗi, ƙarni na gaba wahala ya ɗauke shi, har yana biyan ƙari don a raba shi da ita.

A harkar kati akwai wani dalili da nake ganin ya fi wannan ƙarfi, shi ne awo. A da kati kayan ido ne, kamar sa a kara: kai ka ga ƙiba, ni in ga rama. Mai sayarwa ya ce sabo fil, ya iso ka tarar kusurwa ta lanƙwashe. Sai kamfanonin tantancewa suka shigo, PSA a 1991, SGC a 1998. Ka aika musu kati su duba kusurwoyi, da gefuna, da fuska, da yadda hoton ya zauna a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a gidan roba garai-garai da ba ya buɗuwa sai an fasa. Daga ranar kati ya koma kayan mudu. Clemente na 1958 mai maki 5 ɗaya yake da kowane Clemente na 1958 mai maki 5, aƙalla a idon kasuwa, kuma kowa na iya duba nawa aka sayar da goman ƙarshe. To me za a tara jama'a a yi? Gwanjo na wanda bai san kuɗin kayansa ba ne. Ranar da kowa ya sani, sai a rubuta a manna.

Sai dai wannan sanin, daga ina ya fito? Mafi yawansa daga gwanjon ne dai. Mai yanke farashi ɗan ci-ma-zaune ne a nan: wasu ne suka yi kokawar daren Lahadi, shi ya leƙa sakamakon ya ɗora riba. Shi ya sa duk inda gwanjo ya yi ƙaranci sai farashi ya fara mafarki. Ka shiga yau ka nemi kowane tsohon kati, za ka ga jerin masu neman ninki biyu ko uku na abin da aka taɓa biya, kayansu na zaune shekara da shekaru kamar a gidan tarihi. Ba su da gaggawa, ajiyar ba ta cin su komai, jira suke Allah ya kawo wanda rashin sani ya rufe wa ido. Sabon shiga yakan ga waɗannan lambobi ya ɗauka su ne kasuwa, ya ruga ya buɗe kwalin kakansa yana lissafin gida da mota.

Ba kuma zan wanke gwanjo tas ba, don na ga dattinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ya san mutumin nan da ke ɗaga kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ingiza ka, da yamma su raba da dillali. Malaman fiƙihu najash suke ce masa, kuma haramcinsa sananne ne. A intanet ya fi sauƙi, tunda ba ka ganin fuska. Bill Mastro, wanda gidan gwanjonsa ya taɓa zama kan gaba a harkar, ya amsa laifi gaban kotun tarayya a 2013 cewa ana yin wannan ingizo a gwanjonsa, aka ɗaure shi wata 20 a 2015. A nan ne kuma ya amsa cewa shi ya datse gefunan katin Wagner ɗin nan na jikin firij ɗin Baba don ya ƙara kyau. Katin kuwa shi ne na farko da PSA ta taɓa ba wa maki, ta ba shi 8. Mudun da aka fara awo da shi ke nan. Na gode Allah Baba bai kai ga jin wannan ba, ya rasu a 2011.

Abin da ya fi ba ni dariya cikin duk sauyin shi ne inda aka ɓulle. A 2005 eBay ya ƙara wata ƙofa: mai kaya ya yanke farashi, amma kana iya tayawa. Ya karɓa, ko ya ƙi, ko ya ce ƙara kaza. Amurkawan da tun zamanin John Wanamaker da katafaren kantinsa na Philadelphia suke alfahari da farashi ɗaya ga kowa, sai ga su sun zagayo sun dawo kan taya da albarka, abin da 'yar talla mai shekara tara ta ƙware a kai a kowace tasha. Masu bincike da suka duba miliyoyin irin wannan ciniki har sun gano cewa mutane na son a raba ta tsakiya. Da sun tambaya a Kantin Kwari da an hutar da su. Yau mafi yawan cinikin matsakaitan katuna da na sani ta nan yake bi, kuma da rashin tayi akan bar arha a can ma.

Can sama kuwa, inda manyan kuɗi suke, hanyoyin biyu duk suna raye. A watan Agustan 2022 gidan gwanjon Heritage ya sayar da katin Mickey Mantle na Topps 1952 a kan dala miliyan 12.6, katin da mai shi ya saya dala 50,000 a 1991. Irin wannan ba shi da na biyu da za a gwada shi da shi, dole a tara masu kuɗi su faɗa da bakinsu, kuma waɗannan gidaje ba sa rufewa da cikar agogo, ƙara lokaci suke yi har sai kowa ya gaji. A cikin watan nan dai aka sayar da wani Wagner dala miliyan 7.25 a cinikin sirri, ba ƙararrawa ba 'yan kallo.

A farkon 2021, lokacin da zaman gida na korona ya haukata kasuwar kati, 'yar Baba ta nemo ni. Kwalayen na cikin ɗakin ajiyarta shekara goma, tana son ta rabu da su, kuma ta tuna ni ne mai danna wa babanta. Muka yi ta waya, ita a Ohio ni a Kano, tana ɗaga kati ɗaya-ɗaya gaban kyamara. Na ce mu kasa su uku. Na 1955, wanda shi ne idon kayan, a kai a auna shi a miƙa wa gidan gwanjo, su ci la'adarsu. Tarkacen da ba su da yawan daraja a haɗa su ƙulli-ƙulli a sa gwanjo su tafi. Na tsakiya kuma a yanke musu farashi sama kaɗan da na kasuwa, a bar ƙofar tayi a buɗe, a yi haƙuri.

Shawarar ba ta da laifi, ni ne na karya ta. Akwai wani kati na 1961 mai tsabta da na ce mata mu sa shi gwanjo, don tunawa da Baba, ya ƙare daren Lahadi ƙarfe tara kamar yadda muka saba. Na manta da kalandar mutanen. Lahadin ta faɗo 7 ga Fabrairu, daren wasan Super Bowl, daren da duk Amurka ke gaban talabijin. Ƙarfe uku na dare a wajena ina zaune da waya a hannu ina jiran maharba. Mutum biyu suka zo. Katin ya tafi a wajen rabin abin da irinsa ke samu, kuma bayan mako uku na gan shi a shagon wanda ya saya, an yanke masa farashi ninki biyu da ɗoriya. Na ba ta haƙuri. Ta ce babanta da ya yi ashar sannan ya yi dariya.

Tana cikin kwashe kwali na bakwai ne ta ce ta lura da wani abu a 'yan takardun. Na shekarun farko cike suke da rubutu har gefe: wanda aka kayar, da daƙiƙa nawa suka rage, wani lokaci har da yanayin garin. Daga wajen 2005 sai suka koma layi ɗaya, kwanan wata da kuɗi. Ashe shi ma daga baya ya sallama ya riƙa danna maɓallin da ya tsana. Da shi ya cike gurbi biyu na ƙarshe.

A bayan katin 1958 ta sami takarda biyu. Ɗaya ta ranar da ya same shi a 2006, layi ɗaya. Ɗayar ta tsufa, fensirin ya dushe, ta karanto min: an kayar da mu, dala 82, saura daƙiƙa uku, ni da yaron sama. Katin, wanda Topps ta rubuta wa Bob Clemente, sunan da mai shi bai taɓa so ba, ya yi wata biyar a baje. Wani daga Texas ya taya, ta ce albarka, ya ƙara, suka raba ta tsakiya. Takardar kuma ta sako min ita a ambulan, ta yi mako shida a hanya kafin ta iso.